Yadda na sauke nauyin kyamara daga wuyana

Washegari da safe na san na yi wa kaina illa. Na tashi ƙeya a sage, in zan waiwaya sai na juya dukan jiki, kai kuma yana sarawa. Ranar da ta gabata na yini ina ɗaukar hotunan wani taro tun safe har dare, kyamara na rataye a wuyana da siririyar igiyar nan da ake sakowa a cikin kwali.

Da na samu sauƙi sai na ɗora kayan a sikeli. Kyamarar da batirinta ta kusa gram 900. Dogon idon nan na 70-200mm f/2.8, wato gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara (lens), shi kaɗai wajen kilo 1.5 ne. Ga filash da nasa batiran. Jimla kusan kilo 3. A hannu ba wani abin a zo a gani ba ne, amma a rataya shi a wuya awa 10, a kan igiyar da faɗinta bai wuce yatsu biyu ba, kuma yana jan kai gaba kullum, dole jijiyoyin wuya su yi ta kokawa da shi.

Na fara da kuskuren ɗaukar cewa taushi ne magani. Na sayi maratayi mai faɗi na roba mai miƙewa, irin wadda ake yin rigar masu nutso da ita. Fata ta huta da yanka, gaskiya ne. Sai dai duk takun da na yi kyamarar sai ta yi tsalle ta bugi cikina, nauyin kuma yana nan inda yake, a wuya.

Daga nan na koma maratayin da ake saƙalawa a kafaɗa ɗaya, ya ratsa ƙirji ya sauka a kugu ta ɗaya ɓangaren. Kyamara tana kwance a gefen cinya, in ka ɗago ta sai ta zame a kan igiyar har fuska. Wuya ya huta nan take. Amma a nan ne na kusa yin asara. Irin wannan maratayi ana ɗaura shi ne da noti a ramin da ke ƙasan kyamara, wanda ake kafa ta da shi a kan ƙafa uku, wato abin girke kyamara (tripod). Tana lilo, notin yana kwancewa a hankali, ni kuwa ban taɓa duba shi ba. Wata rana ina sauka daga mataki na ji igiyar ta yi sakayau. Allah ya sa a kan ciyawa ta faɗi, murfin da ke tare wa idon rana ne kawai ya tsage. Laifina ne. Tun ranar nake ƙara ɗaure notin duk lokacin da zan fita, na kuma saka wata 'yar igiya ta biyu daga kunnen kyamarar zuwa maratayin, ko da ta farko za ta saki.

A lokacin na gane wani abu da ya kamata a ce na sani tuntuni. In idon ya fi kyamarar nauyi, a jikin ƙafar idon ake ɗaura maratayi, wato zoben nan mai rami da dogayen idanu ke zuwa da shi. In ka rataya ta jikin kyamara, duk kilo 1.5 ɗin yana jan mahaɗar da ke tsakaninsu. Ta ƙafar idon kuwa kayan suna kwanciya daidai, ba sa nuna ƙasa.

Kafaɗa ɗaya ma tana gajiya. Da na fara fita da kyamara biyu, sai na sayi ɗamarar da ake sawa kamar jakar goyo, kyamara ɗaya dama ɗaya hagu. Nauyi ya rabu, amma tana da nata hali. In ka ɗaga ta dama, ta hagu sai ta janyo ɗamarar gefe, sai fa in akwai maɗaurin da ya haɗa kafaɗun biyu da kyau. In ka sunkuya, su biyun su yi gaba su nufi ƙasa. Ɗamarar fata ta fi kyan gani, amma sai ta daɗe kafin ta yi laushi, ga riƙe zufa. Ni dai ta nailan na zaɓa, ba don ado ba.

Abin da ya fi yi mini daidai shi ne bel mai maƙali a kugu, irin wanda kamfanin Spider Holster ke yi. Dabarar ɗaya ce da ta manyan jakunkunan masu hawan dutse: a ɗora kaya a ƙashin kugu, ƙafafu su ɗauka. Matsalarsa, da ka zare kyamara babu abin da ke riƙe da ita sai tafin hannunka, don haka na haɗa da 'yar igiyar wuyan hannu. Ta kamfanin Peak Design nake amfani da ita, saboda zaren maɓallan da ke haɗa ta da kyamara yana nuna wani launi daga ciki idan ya fara lalacewa.

Yanzu in zan gwada sabon maratayi, kaya mafi nauyi nake ɗora masa, in sa rigar da nake aiki da ita, in yi awa guda da shi: in hau bene, in tsuguna, in zauna a kujera, in ɗaga kyamara a tsaye da a kwance. Minti biyar na farko kowane maratayi daɗi gare shi. Dogon idon yana kugu, ƙaramar kyamara tana kafaɗa, igiyar kwalin kuma tana cikin aljihun jaka, da ita nake ɗaure ƙafa uku.