Abin da zagaya da ɗalibai a Dandalin Tafawa Balewa ke koya wa mutum

Duk malamin da ya saba ɗebo ɗalibai daga Agege, Idi-Araba ko Mile 12 zuwa Dandalin Tafawa Balewa da ke Legas ya san inda ake fara tuntuɓe. Yara na ganin manyan matakalan siminti sai su ɗauka a kansu mutane suka zauna ranar samun 'yancin kai. Ba haka ba ne. A 1960 wurin filin sukuwa ne, ginin da ake gani yanzu kuwa sai a 1972 aka yi shi, zamanin Janar Gowon, shekara shida bayan kisan Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa. In ba a gyara wannan tun a bakin ƙofa ba, duk bayanin da zai biyo baya a karkace zai zauna.

Saboda haka a fara da ƙasar kafin ginin. Oba Dosunmu, Sarkin Legas, ne ya ba Turawa filin a 1859, suka mai da shi wurin tseren dawaki da kurket da ƙwallo. A nan aka sauke tutar Ingila da tsakar daren da aka wayi gari 1 ga Oktoba 1960, aka ɗaga kore-fari-kore. Gimbiya Alexandra ce ta wakilci Sarauniya, Gwamna Janar kuma Sir James Robertson ne. Ɗalibai kan ce Azikiwe, amma shi sai a watan Nuwamba ya karɓi kujerar.

A ƙofa, a sa su ƙirga da kansu: fararen dawaki huɗu, jajayen gaggafa bakwai. Sannan a fito da takardar naira a nuna musu tambarin ƙasa mai dawaki biyu da gaggafa ɗaya. Abin da yaro ya ƙirga da yatsansa ya fi zama a kansa fiye da laccar rabin awa, ga shi tsayuwar ba ta wuce minti goma.

Lokaci ne ke ɓata yawancin irin wannan fita. Filin ya kai hekta 14 da rabi, tsakiyarsa babu inuwa, simintin kuma yana mayar da zafi. Wanda ya iso bayan sha ɗaya zai ƙare da neman ruwa maimakon bayani. Motar da ta taso daga Agege bayan bakwai kuwa, cunkoson gada ya riga ya cinye mata safiya. A tashi da an idar da Asuba, kowane yaro da ruwansa. A kuma bincika ranar tukuna, don ana ba da hayar wurin: farkon Nuwamba baje kolin ƙasa da ƙasa kan rufe filin da rumfuna, Disamba kuma ta taruka ce. Tashar manyan motocin bas na BRT na nan gefe, wajen tsallaka titi sai babba ɗaya a gaba, ɗaya a baya.

Daga nan a leƙa wurin tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu da yaƙin basasa, a nuna makarantar King's College da aka kafa a 1909, a taka zuwa gidan tarihi na Onikan da aka buɗe a 1957. Motar da aka harbe Janar Murtala a ciki ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana can da ramukan harsasai. A bar ta a ƙarshe, don da yara sun gan ta ba sa ƙara sauraron komai. A gabanta ya fi dacewa a faɗa musu cewa Murtala ne ya yanke shawarar mayar da babban birni Abuja, kodayake ba a tashi ba sai 12 ga Disamba 1991.

Titin Broad a ƙafa ake bin sa. Freedom Park da ke kan titin tsohon kurkukun Turawa ne, Dandalin Tinubu kuma sunan Madam Efunroye Tinubu ya ci, attajirar ƙarni na 19, ba shugaban ƙasa ba, kuma sai an faɗa an maimaita. Daga can Babban Masallacin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe kusa ne, in an kiyaye lokaci a nan za a samu Azahar.