Takardar shaidar wuta mai tsafta ba ta kawo wuta

Aikina a wani kamfani da ke Ikeja, mai fitar da riɗi da citta zuwa Turai, shi ne haɗa takardun da masu saye ke nema. Kwanan nan sun ƙaro tambaya: da wace irin wuta kuke aiki? Ta nan na san takardar shaidar makamashi mai sabuntuwa, wadda ake kira I-REC a ƙasashe irin namu.

Wutar da ke zuwa mana ta layin Ikeja Electric gauraye take. Akwai ta iskar gas daga Egbin can Ikorodu, akwai ta ruwa daga Kainji da Jebba da Shiroro. Da zarar sun hau babban layin ƙasa, kamar ruwan rijiyoyi da yawa ne a tanki ɗaya, ba mai iya cewa wannan guga daga rijiyar wane ta fito. Shi ya sa aka raba abin gida biyu: wutar daban, shaidar cewa da rana ko ruwa ko iska aka samar da ita daban. Duk megawat-awa ɗaya, wato yunit 1,000 a lissafin mita, ana rubuta wa mai tashar takarda ɗaya a rajista. Wutar ya tura layi, takardar kuma ya sayar wa wanda ya taya. Wanda ya saya aka soke ta da sunansa, shi kaɗai zai ce yunit dubun nan nasa masu tsafta ne, kuma ba a sake sayar da ita.

Inda na sha bayani shi ne wajen Alhaji, maigidanmu. Tambayarsa ɗaya ce: "To in na biya, NEPA za ta daina ɗaukewa?" Na ce ranka ya daɗe, ko minti ɗaya ba za ta ƙara ba. Janareta zai ci gaba da shan dizal ɗinsa, kuma hayaƙinsa lissafinsa daban, takardar ba ta goge shi. Wutar da aka saya daga layi kaɗai takardar take shafa. A Legas kuwa, inda ko 'yan Band A, rukunin da aka fi ba wuta, alkawarin awa 20 a rana aka yi musu, wannan ba ƙaramin gibi ba ne.

Akwai wani tarko kuma. In ka ɗora sola a rufin sito, sannan ka sayar da takardunta don samun 'yan kuɗi, ka sayar da bakin maganarka ke nan. Wutar tana hannunka, amma ikon kiranta mai tsafta ya koma ga mai saye.

Ni dai a ganina ba duk takarda ce ke da daraja ɗaya ba. Wadda ta fito daga tsohuwar tasha da ta daɗe da mayar da kuɗinta ba ta ƙara wa kowa yunit ko ɗaya. Ta sabuwar gonar sola aƙalla tana taimaka wa wanda ya zuba jari. Don haka kafin in kai wa Alhaji farashi, sai dillali ya faɗa mini sunan tashar, ƙasar da take, da shekarar da aka samar da wutar.