"Sa hannu kawai, ba komai ba ne"

Ƙannena da kuka kama aiki kwanan nan da masu shirin kamawa, bari in ba ku labarin wani abu da na yi wanda har yau in na tuna sai in ji wani iri. Ba wai ina jin daɗin tona wa kaina asiri ba ne, na dai ga da yawanku kuna bin hanyar da na bi, kuma ni ba wanda ya ja min kunne a lokacin.

Ina shekara ta biyu a wani kamfani, a sashen sito nake, aikina in kaya sun shigo in ƙirga in duba lafiyarsu in sa hannu a takardar karɓa, da wannan takardar akanta ke biyan mai kawo kayan. Ranar wata Alhamis dab da tashi sai ga oga da fayil a hammata, ya ajiye min takarda ɗaya a kan tebur ya ce "kayan nan suna hanya gobe za su iso, sa hannu kawai mu rufe lissafin wata." Na ce ranka ya daɗe ai ban gan su ba. Sai ya yi dariya ya dafa kafaɗata ya ce "haba ɗana, ni zan cuce ka?" Biron ma nasa ya zaro daga aljihu ya miƙo min. Na sa hannu.

Kun san abin da ya cuce ni? Washegari kayan suka iso cif-cif, ko ɗaya bai ɓata ba. Da a ce tun ranar farko aka samu matsala wallahi da na farka, amma da yake an rabu lafiya sai zuciya ta ce min ka gani ko, ashe ba komai ba ne. Wata na gaba kayan suka yi kwana huɗu kafin su zo, na gabansa suka zo ba su cika ba aka ce za a ciko, kafin shekara ta zagayo oga ya ma daina zuwa da kansa, masinja yake aikowa da takardun ni kuma ina ta sa hannu ko karantawa ba na yi, don in na karanta raina ne zai ɓaci.

Da masu binciken lissafi suka zo suka ƙirga abin da ke sito suka ga bai yi daidai da takarda ba, sai aka fara neman wanda za a ɗora wa. Akwai wani yaro da ke riƙe makullin sito, bai fi wata takwas da fara aiki ba, Yaya yake ce min. Shi aka ce yana fitar da kaya da dare. An kira ni gaban kwamiti, mutum uku a zaune oga na gefe yana danna waya kamar abin bai shafe shi ba, aka tambaye ni ko na san wani abu da zai taimaka wa bincike. Na ce ni dai aikina karɓar kaya ne, abin da ke faruwa bayan an rufe sito ban sani ba. Ku duba maganar nan da kyau, babu ƙarya ko ɗaya a cikinta, na zaɓo kalmomin ne yadda zan tsira in kuma iya ce wa kaina ban yi ƙarya ba. Aka kori yaron. A bakin get na same shi da 'yar jakarsa, bai zage ni ba bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi "Yaya, na ɗauka za ka yi magana."

Ko sisi ban ci ba a harkar nan, kuma da wannan na daɗe ina lallashin kaina. Daga baya na karanta labarin gwajin da wani masanin halayyar ɗan Adam, Stanley Milgram, ya fara a jami'ar Yale ta Amurka a 1961. Ana sa mutum ya riƙa danna maɓallin da aka ce masa yana jona wa wani lantarki a ɗakin kusa, duk amsar da wancan ya kuskure a ƙara ƙarfi, lantarkin na ƙarya ne amma mai dannawa bai sani ba. Cikin mutum 40, 26 sun kai har ƙarshe, volt 450, suna gumi suna rawar jiki amma suna ci gaba, don kawai wani mai rigar aiki na gefe yana cewa a ci gaba. Da na karanta sai na ga kaina sak, ni ma ai gumin na yi ta yi ina sa hannun.

Kuma kar wani ya ruɗe ku da cewa in abu ya fashe oga zai tsaya muku. A 2015 aka gano kamfanin Volkswagen ya sa wa motocinsa masu amfani da dizal, kusan miliyan 11, wata manhaja da ke yaudarar na'urar gwajin hayaƙi. Wani injiniyansu James Liang, ba shi ne shugaban kamfani ba, ya ma ba masu bincike haɗin kai, duk da haka kotu a Amurka ta ɗaure shi wata 40 a 2017. Takarda ba ta san wanda ya miƙo maka biro ba, sunan da ke ƙasa take nunawa.

Da za a mayar da ni ranar Alhamis ɗin nan, ba wani jarumtaka zan yi ba, ba zan ce wa oga ɓarawo ba don a lokacin ma ban san komai ba. Cewa zan yi ranka ya daɗe bari su iso goben, da sassafe zan kawo maka takardar har ofis. Shike nan fa. Duk wanda ya matsa maka sai yanzu-yanzu kan abin da ranka bai kwanta da shi ba, to gaggawar ce makaminsa, kai kuma nemi kwana ɗaya. In ya dage, ce masa ya turo maka umarnin ta imel ko ya rubuta a jikin takardar cewa shi ya ba da izini, za ka sha mamakin yadda abin da ake cewa ba komai ba ne ba mai son ya rubuta shi. Akwai hadisin da ya ce zunubi shi ne abin da ya sosu a ranka kuma ba ka son mutane su gani, na haddace shi tun ina yaro amma ban taɓa kawo shi kan takardar sito ba, na ɗauka maganar manyan laifuka ake. Sannan ka samu mutum ɗaya wanda ba a wajen aikinku yake ba, wanda bai da abin samu ko rasawa, ka faɗa masa komai da bakinka. Ni ban faɗa wa kowa ba har matata, kuma na san dalili, na san abin da za ta ce.

Ba zan yi muku ƙarya cewa mai gaskiya kullum yana fita lafiya ba. Roger Boisjoly, injiniyan da ya rubuta gargaɗi tun 1985 kan robar da ke toshe gaɓoɓin rokar kumbon Amurka mai suna Challenger, ya kuma yi ta roƙo a daren jajibiri kada a harba cikin sanyi, ba a saurare shi ba, kumbon ya tarwatse daƙiƙa 73 da tashi ranar 28 ga Janairu 1986, mutum bakwai suka mutu. Da ya faɗi gaskiya gaban kwamitin bincike abokan aikinsa suka juya masa baya har ya bar kamfanin da yake wa aiki. To ka shirya, ka riƙa ajiye kwafin abin da ya shafi aikinka da kwanan wata, ka san wa ake kai wa ƙorafi sama da ogan naka, in da hali ka fara neman wani aikin tun kafin ruwa ya kai maka wuya.

Wani kuskuren kuma na yi a aikina na gaba, wai ni na tuba na zama mai gaskiya, wata abokiyar aikina ta yi sati biyu tana makara na kai ƙararta ba tare da na tambaye ta ko lafiya ba, ashe ɗanta ke kwance a asibiti. Haushin kaina na huce a kanta.

Shi kuwa yaron nan sai bayan shekara huɗu na samu ƙarfin halin nemansa. Kafin in je na rubuta wa tsohon kamfanin wasiƙa na bayyana yadda aka yi da sunana da sa hannuna, har yau ba su ba ni amsa ba. Na kai masa kwafi, ya karanta a tsaye har ƙarshe ya ninke ya sa a aljihu, ya ce wata bakwai ya yi yana neman aiki duk inda ya je sai an tambaye shi me ya raba shi da wancan wajen. Na ce ya yafe min. Ya ce ya yafe, amma zai kai wa mahaifinsa takardar ya gani, don har yanzu tsohon bai gama yarda cewa ba shi ya ɗauka ba.