Ƙwayar da Baba yake nema

Talata. Da safe aka sake yi wa Baba hoton ciki, faɗin babbar jijiyar jinin ya kai milimita 43. Likita ta ce ta mai lafiya ba ta cika wuce 20 da ɗan kai ba, daga 30 ake kiran abin kumburi, kuma ga namiji sai ya kai wajen 55 ake maganar aiki, domin kafin nan haɗarin tiyatar ya fi na fashewar. Ta sabunta masa maganin hawan jini da na kitsen jini, ta ce mu dawo a sake aunawa.

Tun a cikin adaidaita Baba yake jujjuya takardar, muna isa gida ya ce, "To ina na kumburin?" Na ce babu. Ya ce shi tun da yake bai taɓa jin ciwon da aka gani da ido, aka auna shi, sannan a ce babu maganinsa ba, sai dai idan yarinyar nan ba ta gama karatu ba, a kai shi Yamai. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ko Faransa aka kai ka amsar ke nan." Na gaya masa an gwada propranolol, wani maganin hawan jini, bai hana jijiyar ƙaruwa ba, mutane da yawa ma suka kasa jure shi, an gwada doxycycline, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, a Amurka, sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna babu bambanci tsakanin waɗanda suka sha da waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a ciki. Har na kawo masa De Gaulle, tsohon shugaban Faransa, wanda fashewar wannan jijiyar ce ajalinsa a 1970. Ya ce shi ba Bature ba ne.

Bayan la'asar Kawu ya shigo da nasa labarin, wai metformin na masu ciwon sukari yana tsayar da abin, a aiki yaro kasuwa ya sayo. Maganar tana da tushe, domin an lura cewa kumburin masu sukari da ke shan sa ya fi jinkirin girma, shi ya sa ake gwada shi ga marasa sukari a Ostireliya da Amurka. Amma lura daban, hujja daban, kuma ni ba zan yarda a ɗura wa dattijon da sukarinsa yake daidai ƙwayar da ta sha rana a tiren ɗan talla ba. Kawu ya tafi yana cewa boko ya sa mini taurin kai.

Inna ba ta ce uffan ba, tana ta tankaɗe.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, abu ɗaya da likita ta nanata har da buga tebur shi ne taba, domin an tabbatar kumburin mai shan sigari ya fi saurin girma kuma ya fi saurin fashewa, barinta kuwa ba ya cin ko dala. Baba ya yarda ya sayar da rago ya sayi maganin da babu shi, amma bayan magariba na ji yana raɗa wa Auta ya je wurin mai tebur ya karɓo masa kara biyu. Na tare Auta a zaure na karɓe kuɗin. Gobe zan kira Yaya, ko Baba zai ji maganarta, tunda ita ce ta fari.