Bayan hadarin Afrilu a duwatsun Belledonne

Samarin da muke hawan duwatsun Shere da su a nan Jos sun san na yi karatu a Grenoble ta Faransa, don haka tambaya kan dusar ƙanƙara ba ta ƙarewa. Wani ya ce min, "Yaya, ai in hadari ya wuce, gari ya washe, sai hawa kawai." A tsaunukan Alps kuwa, a lokacin ne masu hankali ke taka-tsantsan.

Cikin wani Afrilu, ana ganin sanyi ya yi sallama, sai aka sake tafka dusar ƙanƙara haɗe da iska. Da gari ya buɗe muka nufi Belledonne, jerin duwatsun Alps da ke kusa da Grenoble, da jagora. Sanarwar Météo-France, hukumar hasashen yanayi ta Faransa, ta sa haɗarin zaftarewar dusar ƙanƙara a mataki na 3 cikin 5. Wannan matakin ne ya fi cin rayuka, saboda mutane na raina shi.

Kafin mu yi nisa, jagoran ya haƙa rami da shebur ya ce kowa ya sa hannu. A sama sabuwar dusa ce, iska ta danne ta ta dunƙule. A ƙasa akwai tsohon ɓawo mai santsi, wanda rana ta narkar, dare ya daskarar. Tsakaninsu wani siririn shimfiɗi mai wargajewa kamar sukari, yatsa na shigewa babu wahala. Ya yanke gefe, ya bubbuga shebur da tafin hannu, sai saman ya zame gaba ɗaya, sumul. Jikina ya yi sanyi. Daga nan muka kauce wa duk gangaren da karkatarsa ta kai digiri 30 zuwa 45, musamman ɓangaren da iska ta tara dusa.

Zafin ranar Afrilu ba wasa, shi ya sa ake sammako. Tun kafin azahar dusar ta fara jiƙewa, ƙafa na nutsewa, jagoran ya ce a juya. Muna saukowa muka ji ruri a tsallaken kwari: gangare guda ya zubo da kansa, babu wanda ya taka shi.

Kowannenmu na ɗauke da na'urar gano wanda dusa ta binne, da doguwar sandar caka, da shebur. Abokan tafiya ne ke tono mutum, domin bayan minti 15 a ƙarƙashi damar fitowa da rai tana raguwa sosai, kuma masu ceto ba kasafai suke isowa cikin wannan lokacin ba.