Godiya Bayan Kammala Darasin Hutu na Kemistiri

Alhamdulillahi, jiya aka rufe darasin hutu. Waɗanda suka bi mu tun ranar da ruwan sama ya yaye rufin ajin sun san irin faman da aka sha, ba sai an maimaita ba. Jiki ya yi laushi, amma hankali ya kwanta.

Ranar da gabanmu ya faɗi ita ce ranar gwaji, saura kwana kaɗan WAEC, da kusan duk ajin suka rubuta nauyin atam na kulorin 36. Kulorin yana da aisotof biyu, wato atam iri biyu na sinadari ɗaya masu nauyi daban, 35 da 37. Sun haɗa 35 da 37 ne suka raba biyu, kamar aisotof ɗin biyu yawansu ɗaya. Hajiya mai ƙosai ta bakin ƙofa ce ta cece mu, Allah ya saka mata da Aljanna. Ta ɗebo mana wake da gyaɗa, ta ƙi karɓar ko sisi. Aka ƙirga wake 75 a matsayin kulorin-35, gyaɗa 25 a matsayin kulorin-37, daidai da kason kowanne cikin ɗari. Furoton da niyutiron su ne ƙwayoyin da ke tsakiyar atam; duka aisotof ɗin biyu furoton 17 gare su, niyutiron ne ya bambanta, 18 da 20. Sai lissafi: 75 sau 35 ya ba da 2625, 25 sau 37 ya ba da 925, jimla 3550, a raba da 100, a samu 35.5. Yaran na kallon tulin wake suka gane dalilin da ya sa amsar ta fi karkata ga 35.

Iyaye, don Allah ku ci gaba da tuna musu: kason dole ya cika 100, kuma amsar ba ta wuce tsakanin ƙaramin aisotof da babba. Wanda ya ga 3550 a takardarsa, rabawa ya manta. In an juya tambayar, kamar boron mai nauyin 10.8, a sa kason boron-10 ya zama x, na boron-11 ya zama 100 ban da x, a bi lissafin nan har ya ba da 10.8. X zai fito 20.

Malam mai gadi da ya riƙa buɗe mana ƙofa tun da asuba, da limamin unguwa da ya ba mu aron tabarmi, ba ku so a ambace ku, amma mun kasa yin shiru. Allah ya jiƙan magabatanku, ya raya zuri'arku, ya ba yaranmu nasara, ya sa ilimin ya amfane su. Akwai 'yan uwan da muka sa rai za su leƙo ko sau ɗaya, har aka tashi ba mu gan su ba. Allah ya sa lafiya, amin.