Daga Hubbare zuwa Gwandu a ƙafa

Hunturu muka zaɓa, domin duk wanda ya san Sakkwato ya san ba a wasa da ranar bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40 kafin azahar. Mu uku ne: ni, da ƙanena, da wani abokinmu malamin firamare wanda shi ya kawo shawarar. Niyyarmu mu tashi daga Hubbaren Shehu, mu bi ta Boɗinga da Shagari da Tambuwal har Gwandu, inda kabarin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake, tafiyar da ta haura kilomita 100, ba tare da mun hau ko jaki ba. Shehu Usmanu ya zauna a Gwandu, daga nan ya koma Sifawa, sannan ya shigo Sakkwato a 1815, ya rasu a 1817. Mu sai muka ɗauko sawun daga ƙarshensa muna komawa baya.

Bayan sallar asuba muka yi ziyara muka kama hanya. Kowa da jakarsa a baya: bargo, buta, gorar ruwa, dabino, ƙuli-ƙuli, katin shaida, da takardar da mai unguwarmu ya rubuta mana. Hazo ya rufe gari, sanyi na shiga har ƙashi. Har muka wuce mararrabar filin jirgin sama hira muke yi muna dariya, ƙafa ba ta ce komai ba tukuna.

Kafin mu shiga Boɗinga ta fara magana. Kwalta ba ta da tausayi ga mai tafiyar ƙasa, tana dukan dunduniya da kowane taku, kuma tirela in ta zo wucewa sai iskarta ta tura ka gefe, ta bar maka ƙura a baki. In ka sauka gefen hanya don ka huta da kwalta, ga ƙarangiya tana jiran wandonka, ga tsidau yana huda takalmin roba. Bororo ya fito mini a ƙaramin yatsa da bayan dunduniya, ya fashe, safa ta manne da fata. Abokinmu kuwa faso ya buɗe masa har yana jini, sai da muka nemi man kaɗe a kasuwa yana shafawa kowane dare. Amma duk wannan bai kai tashin safe ba. Ka kwana a kan tabarma, jiki ya sandare da sanyi, ka miƙe ka ji cinyoyinka sun ƙi lanƙwasuwa, ga shi ka san abin da ke gabanka ya fi wanda ka baro. Rabin awar farko ɗingishi ne zalla, sai jini ya zaga sannan ƙafa ta yarda.

Tsakanin Boɗinga, inda Malam Abdullahi ya zauna, da Sifawa, inda yayansa ya zauna, tafiya ce ’yar kaɗan. A mota ba ka ma lura ka bar ɗaya ka shiga ɗaya. A ƙafa ne na gane irin kusancin da ke tsakaninsu: ƙane zai iya yin asuba a gidansa, ya je ya ɗauki karatu ko ya yi shawara da Shehu, ya komo kafin rana ta yi zafi. A masallacin Sifawa na zauna ina murza ƙafa, sai ’yan taru suka faɗo mini a rai, matan ƙauye, tsofaffi da ’yan mata, da jaji ke jagoranta da malfa a kai, suna takowa daga garuruwa masu nisa zuwa wurin Nana Asma’u don su koyi addini su koma su koyar. Asma’u ta rasu a 1864, kuma duk zamaninta ƙafa ce abin hawan waɗannan mata. Na sha jin labarinsu tun ina yaro, amma sai da tafin ƙafata ya yi ruwa na san abin da ilimin ya ci musu.

Wahalar da ta fi ciwon ƙafa nauyi ita ce zargi. A yanayin tsaron da ake ciki, maza uku baƙi da jakunkuna a baya, suna tafe a ƙasa ga motoci na wucewa, ba abin da mutumin ƙauye zai kalla ya yi shiru ba ne, kuma ban ga laifinsa ba. A wani ƙauye gaba da Shagari, garin da aka binne tsohon shugaban ƙasa Alhaji Shehu Shagari a 2018, ’yan banga suka tare mu da magariba. Suka zazzage jakunkunanmu, suka karɓi wayoyinmu, suka sa mu gaba har ƙofar mai gari, yara na biye. Ban taɓa jin ƙasƙanci da tsoro sun haɗu mini wuri ɗaya kamar a wannan ɗan taƙin ba.

Mai garin dattijo ne, yana zaune kan buzu. Ya sa aka haska takardar mai unguwa aka karanta masa, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

“Ɗiyana, daga ina kunka hito?”

“Ranka ya daɗe, daga Hubbare. Gwandu muka nufa, ziyara.”

“Da ƙahwa? Kuɗɗin mota ne babu?”

“Akwai, Baba. Niyya ce muka yi.”

Ya yi shiru, sannan ya ce a mayar mana da wayoyinmu, a share zaure. Kafin isha an kawo tuwon gero da miyar kuka, an kawo ruwan zafi a bokiti. Wani tsoho maƙwabcinsa, wanda a ƙuruciyarsa ya yi fataucin shanu a ƙasa, ya sa na miƙa masa ƙafata. Ya jiƙa ta a ruwan gishiri mai ɗumi, ya shafa mai, ya yage tsohon rawaninsa ya naɗe mini yatsun. Mutumin da ya girmi mahaifina, bai san sunana ba sai a daren, ya riƙe ƙafata mai ƙura da hannu biyu. Cikin ’yan bangan da suka tare mu, ɗaya shi ya raka mu da asuba har bakin hanya, ya kuma kira na ƙauyen gaba ya ce ga baƙi nan tafe.

Daga nan muka riƙa fara sallama a ƙofar mai gari kafin mu nemi ko ruwa. Mai tafiyar ƙasa mabuƙaci ne ko da aljihunsa cike yake, domin kuɗi ba ya sayen inuwa, ba ya sayen amincewar mutanen da za ka kwana a cikinsu. Ni da na saba in tsaya da mota in sayi albasa ta taga in wuce, sai ga ni ina roƙon wurin shimfiɗa bargo. Wannan ya sauke mini wani abu da ban san ina ɗauke da shi ba.

Ƙasaru ma sai a wannan tafiya na ɗanɗani daɗinta. Malamanmu na Malikiyya sun ce tafiyar da ta kai mil 48 ake rage salla a cikinta, kuma na sha yin ƙasaru a tashar mota ba tare da na ji komai ba. Amma ka yi tafiya tun duku-duku, gwiwa na rawa, ka tsaya azahar a gindin gawo ka san raka’a biyu ce a kanka, nan za ka ji rahamar a jikinka.

Tsakanin Kajiji da Dogon Daji gwiwar ƙanena ta kumbura. Hira ta ƙare, kowa ya ɗaure fuska, abu kaɗan sai mu harzuƙa da juna. Direbobi na tsayawa suna cewa mu hau kyauta, wannan ma jarrabawa ce mai zaman kanta. Na ce masa ya hau, ba wanda zai ga laifinsa. Ya ce, “Yaya, karɓi jakar dai, ƙafar tawa ce.” Muka riƙa ɗaukar jakarsa bi-da-bi, muka rage sauri, muka sara masa sanda. A wannan tafiyar hawainiya ne muka ga abin da gudu ke ɓoyewa: masu noman rani a fadama suna ban ruwa cikin sanyi, raƙuma ɗauke da kara, matan Fulani da ƙoren nono da suka sayar mana da fura suka ƙara mana da gyara mai yawa don sun ji inda muka fito.

Daga Tambuwal muka karkata arewa, muka shiga Jihar Kebbi, wadda aka cire daga Sakkwato a 1991. Gwandu gari ne a tsakanin duwatsu, kuma fadar sarkinta ta daɗe da komawa Birnin Kebbi, saboda haka ba ta da hayaniyar da sunanta zai sa ka zata. Muka isa da la’asar, muka yi alwala, muka shiga hubbaren Malam Abdullahi, wanda ya rasu a 1829, muka yi masa addu’a tare da iyayenmu. Ƙanena ya zauna a ƙasa ya yi kuka sosai, ni ma ban iya hana kaina ba.

A mota muka koma gida. Farcen babban yatsana ya yi baƙi, daga baya ya fita, gwiwar ƙanena kuma sai da aka kai ta asibiti. Da na samu sauƙi na shiga kasuwa na sayi sabon rawani da ƙwaryar goro, na ba wani direban hanyar Tambuwal da ya san ƙauyen, na kwatanta masa gidan tsohon. Bayan sati ya kira ni ya ce saƙo ya isa, kuma tsohon yana tambaya ko yatsun sun warke.